Tikitin gudu a Fulorida: yadda na bi shi daga gefen titi har kotu

Ɗan sandan bai ɓata lokaci ba. Ya karɓi lasisina da takardar rajistar mota da katin inshora, ya koma motarsa, ni kuma na zauna hannuwana biyu a kan sitiyari, kamar yadda ake gargaɗin duk baƙon da ya fara tuƙi a Amurka. Da ya dawo sai ya miƙo mini wata doguwar takarda da na'ura ta buga, wato tikitin tara, ya ce an kama ni ina gudun mil 62 a awa a titin da aka ƙayyade mil 45. Na ce masa ai wata akori-kura ce ta zo ta wuce ni a daidai wurin. Ya ce ya ji, amma ba a gefen titi ake wannan muhawara ba. Bayani na nan a jikin takardar, kuma ina da kwana 30.

Da na isa gida, abin da na fara nema a takardar shi ne wane irin laifi aka rubuta mini, domin a Fulorida laifin hanya kashi biyu ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu mai faɗi ce. Tuƙi cikin maye, tuƙin ganganci, gudu daga wurin da aka yi haɗari, waɗannan manyan laifuka ne da ke iya kai mutum gidan yari, su kuma bar masa tabo a tarihinsa. Sauran kuwa, irin su gudun wuce ƙima, tsallake danja, ƙin tsayawa a alamar tsayawa, sauya layi ba bisa ƙa'ida ba, jihar ta cire su daga jerin manyan laifuka tun tsakiyar shekarun 1970, ta tattara yadda ake bi da su a babi na 318 na kundin dokokinta. Ba a ɗaure kowa a kansu. Nawa yana cikin kashi na biyu. Na yi hamdala, na ninke takardar, na sa ta cikin aljihun mota da niyyar in biya ta intanet idan albashi ya shigo. Kuɗin ya ɗan haura dala 200. Da zafi, amma ba zai hana ni barci ba.

Wani dattijo da muke sallar Juma'a tare, wanda ya shekara da shekaru yana jan tirela tsakanin jihohi, shi ya taka mini birki. Ina ba shi labari cikin raha, sai na ga bai yi dariya ba.

"Ƙanena, ka biya?"

"Tukuna dai, Alhaji. Sai ƙarshen wata."

"To kada ka taɓa katinka sai ka san abin da kake saye. Ranar da ka biya, ranar ka amsa laifi. Babu wanda zai kira ka ya tambaye ka, kai ka yanke wa kanka hukunci."

Gaskiyarsa. Biyan tarar kai tsaye daidai yake da amsa laifi, kuma da zarar kuɗi ya shiga, ofishin magatakardan kotu zai aika wa hukumar kula da lasisi ta jihar, ita kuma ta zuba wa mutum maki a tarihin tuƙinsa. Wanda ya ɗara ƙa'ida da mil 15 ko ƙasa da haka, maki 3 ne. Wanda ya haura 15, maki 4. Ni an rubuta mini 17, wato mil biyu kacal suka tsallakar da ni zuwa maki 4. Wanda ya tara maki 12 cikin wata 12, za a dakatar da lasisinsa na kwana 30. Maki 18 cikin wata 18, wata 3. Maki 24 cikin wata 36, shekara guda cur. Idan ka yi lissafi, tikiti uku irin nawa cikin shekara sun isa su sauke mutum daga mota.

Ni ban yi kusa da 12 ba, tarihina fes yake. Damuwata daban ce. Da yamma nakan ɗauki fasinja ta manhajar waya don ƙarin abin rufin asiri, kuma dokar jihar ta hana waɗannan kamfanoni riƙe direban da ke da laifin tuƙi fiye da uku cikin shekara 3. Ga kuma inshora. Kamfanin inshora ba ya kallon tarar da ka biya, tarihinka yake kallo duk lokacin da za a sabunta, kuma ƙarin da zai ɗora maka ba na wata ɗaya ba ne, yana bin ka shekaru. Kuɗin da aka buga a fuskar takardar shi ne mafi ƙanƙanta a duk abin da tikitin zai iya ci.

Na ɗauko takardar na sake karantawa a tsanake, da ƙananan rubutun da idona ya tsallake da farko. Hanyoyi uku ta ba ni, kuma dole in zaɓi ɗaya in sanar da ofishin magatakarda na gundumar da aka tare ni kafin kwana 30 su cika. Kwanakin kalanda ake ƙirgawa daga ranar da aka rubuta tikitin, har da Asabar da Lahadi.

Ta farko ita ce biya, mun gama da ita. Ta biyu ita ce mutum ya biya tarar, ya kuma zaɓi yin kwas na gyaran tuƙi, na awa 4, wanda akasari ta intanet ake yi. Idan ya gama ya kai takardar shaida cikin lokacin da aka ba shi, ba za a rubuta cewa an same shi da laifi ba, ba kuma za a sa masa maki ba. Har ma akwai doka da ta hana kamfanin inshora ƙara wa mutum kuɗi ko soke masa inshora saboda tikitin da aka rufe ta wannan hanya, sai fa idan an yi haɗari wanda shi ne da laifi kuma kamfanin ya yi asara. Amma ba kullum ƙofar take buɗe ba: sau ɗaya ake shiga cikin wata 12, kuma akwai iyakar sau nawa a tsawon rayuwa. Masu lasisin manyan motoci irin Alhaji ba su da wannan dama sam, ko da a ƙaramar motarsu ta gida aka tare su. Shi ya sa ya fi kowa sanin kotu.

Ta uku ita ce mutum ya ce bai yarda ba, a saurare shi. A nan akwai caca. Wanda ya nemi zama ya yafe tarar da aka ƙayyade a takarda. Idan aka same shi da laifi, mai shari'a na iya ɗora masa har dala 500, ko 1,000 idan gudun a yankin makaranta ne ko inda ake aikin hanya, ga kuɗin kotu, ga makin da yake gudu.

Akwai kuma hanya ta huɗu da takardar ba ta lissafa a matsayin zaɓi ba, amma mutane da yawa ita suke bi: a jefa takardar a aljihun mota a manta. Na daɗe a kan wannan da Alhaji, domin a nan ne allura ke tono garma. Kwana 30 na wucewa, magatakarda zai ƙara tarar jinkiri, ya sanar da hukumar lasisi, ita kuma ta aika wasiƙar dakatarwa zuwa adireshin da ke jikin lasisin. Mu kuwa baƙi, sauya gida ba ya mana wuya, kuma ba kowa ke tuna cewa doka ta ba shi kwana 30 ya gyara adireshinsa ba. Sai wasiƙa ta tafi tsohon gida, mutum yana ta yawo da lasisin da ya riga ya mutu. Idan aka sake tare shi bai sani ba, wani tikitin ne na tara. Idan kuwa an tabbatar ya sani, ko dai sanarwa ta same shi, ko an taɓa kama shi a kan hakan, ko ya faɗa da bakinsa, to magana ta tashi daga tara ta koma babban laifi: karon farko ma yana iya kai kwana 60 a tsare. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ya biyo baya. Tuƙi da dakataccen lasisi sau uku cikin shekara 5 yana sa a ayyana mutum a matsayin wanda ya saba karya dokar hanya, a ƙwace lasisinsa na shekara 5, kuma har tikitin "ban sani ba" ɗin nan, idan mutum ya biya shi kai tsaye, yana shiga cikin lissafi. Wato mutum na iya zama a falonsa, ya biya ƙananan tara uku da wayarsa yana ganin ya sauke nauyi, ashe da hannunsa ya rufe wa kansa tuƙi na shekara 5. Bashin da aka bari kuma, bayan kwana 90 ana iya miƙa shi ga masu karɓar bashi, su ɗora nasu har kashi 40 cikin 100. Duk wannan daga takardar da aka ce ba ta kai mutum kurkuku.

Kafin mako ya zagayo, akwatin wasiƙuna ya cika da takardun lauyoyi. Na yi mamakin yadda suka san sunana da ranar da aka tare ni, sai daga baya na gane cewa bayanan tikiti a buɗe suke ga kowa. Kowane yana alkawarin ba maki, ba zuwa kotu, in ba haka ba a mayar maka da kuɗinka. Ba damfara ba ce, sana'a ce, kuma suna da amfani ga wanda ba zai iya barin aiki ba ko wanda makinsa ya kusa cika. Gwamnati dai ba za ta ba ka lauya kyauta a irin wannan shari'a ba, tunda babu ɗauri a cikinta, kuma babu masu taya alƙali yanke hukunci. Ko ka ɗauki naka, ko ka tsaya da ƙafarka.

Na zaɓi in tsaya da ƙafata. Dalilina biyu ne. Na yi imani akori-kurar nan na'ura ta kama, kuma ina so in adana damar kwas ɗin don ranar da ba ni da abin cewa. Na kuma karanta cewa a Fulorida, ko da laifin na tara ne, sai an tabbatar da shi ba tare da wata shakka mai ma'ana ba, irin ma'aunin da ake amfani da shi a manyan shari'u. Ba kowace jiha ke haka ba, a wasu rinjayen hujja kawai ya isa. Na je ofishin magatakarda na cike fom ɗin neman zama, matar da ke taga ta buga masa hatimi ta ba ni kwafi. Daga wannan rana agogon kwana 30 ya tsaya, ban biya ko sisi ba. Bayan wasu makonni wasiƙa ta zo da rana da lambar ɗaki.

Ɗakin bai yi kama da kotun da mutum ke hasashe ba. Benci ne jere, cike da mutane cikin kayan aiki, wani da rigar gini, wata da kayan asibiti, kowa riƙe da takardarsa. Gefe guda 'yan sanda ne zaune, kowanne da fayil a cinya. Wadda ke kan kujera ba cikakkiyar alƙaliya ba ce, lauya ce da aka naɗa don sauraron ƙananan laifukan hanya. Wanda ya fi son alƙali yana da ikon nema. Ta fara da bayani ga kowa da kowa: amsa uku ce, ko ka ce ka yi, ko ka ce ba ka yi ba, ko ka ce ba ka jayayya.

Lauyoyi aka fara kira. Ɗaya daga cikinsu ya tashi da tarin fayil kusan kamu guda, ana kiran suna yana amsawa, cikin 'yan mintuna ya gama da mutanen da ko ƙofar kotun ba su gani ba. Na lura da abin da yake yi. Bai taɓa cewa wanda yake karewa bai yi gudu ba. Abin da yake dubawa shi ne ko ɗan sandan ya zo, ko lambar dokar da aka rubuta ta dace da laifin, ko takardar gwajin na'ura tana nan. Doka ta ce a gwada na'urar auna gudu aƙalla sau ɗaya duk wata 6, kuma ɗan sanda ya iya nuna shaidar haka. Inda ɗan sanda bai zo ba, sai ka ji an kori ƙara. Wani saurayi da ke kusa da ni haka ya tsira, aka kira sunan wanda ya rubuta masa tikiti sau biyu shiru, ya fita yana murmushi bai ce uffan ba. Wannan ne ya haifar da zancen da ake yaɗawa cewa ka dai nemi zama, ba sa zuwa. Suna zuwa. Nawa yana layin gaba, na gane ƙeyarsa tun daga ƙofa.

Sai aka zo kan mu marasa lauya, kuma a nan na ga yadda baki ke yanka wuya. Wata mata ta ce ba ta yi laifi ba, da aka ba ta dama sai ta fara da cewa ta makara ne zuwa ɗauko yaro, shi ya sa ta ɗan taka. Mai shari'a ta saurare ta har ƙarshe cikin ladabi, sannan ta ce mata abin da ta faɗa yanzu shi ne amsa laifin. Wani ya ce kowa ma a titin gudu yake. Aka ce masa ba kowa ke gaban kotu ba, shi ne. Uzuri yana iya sa a sassauta, amma ba ya kore laifi, kuma mutane da yawa ba su bambance biyun.

Mutumin da aka kira kafin ni, ɗan sandana ne ya tare shi, a titi ɗaya, rana ɗaya. Don haka na samu damar jin shaidar da za a bayar a kaina tun kafin a kira ni. Ya miƙe ya faɗi inda ya tsaya, da yanayin gari, da cewa ya fara ƙiyasta gudun motar da ido kafin ya auna. Ya buɗe fayil ya zaro takardar horonsa da takardar gwajin na'urar, kwanan watan bai wuce wata 6 ba, ya ce ya gwada ta kafin ya fara aiki da bayan ya tashi. Sannan ya faɗi abin da ya rusa mini shiri: na'urarsa ta leza ce, ba rada ba. Rada tana watsa igiyarta da faɗi, tana iya cafko babbar motar da ke gefenka, kuma a kan wannan na gina duk hujjata. Leza kuwa siririn haske ne da ake saitawa a kan mota ɗaya, galibi a gabanta, ɗan sanda yana leƙe ta madubin saiti. Har nisan da ya auna motar ya karanto. Na duba tawa takardar, ga shi an rubuta irin na'urar a wani ɗan gurbi, da tazarar ƙafa ɗari da wani abu.

Har yanzu ban tabbata 62 nake yi ba. Amma tabbacina ba shi ake aunawa ba. Abin da nake da shi maganar baki ce, ba hoto, ba kyamarar mota, ba shaida. Shi kuma yana da takardu a jere. Da aka kira sunana na miƙe na ce ina neman sauya amsata zuwa ba na jayayya, ina kuma roƙon kotu ta dubi tarihina ta jingine hukunci, wato kada a rubuta cewa an same ni da laifi. Mai shari'a ta juya ga kwamfutarta ta duba, ta tambaye ni shekara nawa ina tuƙi a jihar, ta tambayi ɗan sandan ko na ba shi matsala a hanya. Ya ce a'a, na yi ladabi. Ban taɓa zaton hannuwan nan biyu a kan sitiyari za su yi mini rana a wani ɗaki bayan watanni ba. Ta ce ta jingine hukunci, ba maki, in biya tara da kuɗin kotu cikin lokacin da ta ƙayyade. Duka bai kai minti uku ba.

Jimillar ta ɗan fi abin da ke kan tikitin tun farko, ga rabin yinin aiki da ya tafi. Idan aka tambaye ni, ga mai tsabtataccen tarihi wanda ba shi da wata hujja a hannu, kwas ɗin awa 4 ya fi sauƙi kuma ya fi tabbas, musamman da yake kariyar inshorar nan domin wanda ya zaɓi kwas aka rubuta ta. Jingine hukunci a kotu alfarma ce, ba haƙƙi ba, mai shari'a na iya hanawa. Kotu ta fi dacewa da wanda ƙofar kwas ta rufe masa, ko mai hujja ta gaske, ko wanda tikitinsa ma bai ba shi zaɓi ba. Wanda ya ɗara ƙa'ida da mil 30 ko fiye, ko laifinsa ya jawo haɗarin da aka mutu ko aka ji mummunan rauni, dole ya bayyana, ba a biyan nasa ta waya. Daga watan Yulin 2025 ma, ɗara ƙa'ida da mil 50 ya bar sahun tara ya koma babban laifi.

Na biya a taga kafin in bar ginin, don ranar da mai shari'a ta sa ita ma wa'adi ce, wanda ya saɓa ta lasisinsa zai tafi kamar wanda bai taɓa zuwa ba. Bayan 'yan makonni na sayi kwafin tarihin tuƙina daga hukumar lasisi don in gani da idona. Tikitin yana nan a cikakken tarihin, ba a goge shi ba, amma an rubuta an jingine hukunci, gurbin maki kuma babu komai. Da lokacin sabunta inshora ya zo, kuɗina bai motsa ba.

Na koma wurin magatakarda na karɓi kwafin hukuncin mai hatimi, bisa shawarar Alhaji. Fom ɗin neman zama ɗan ƙasa yana tambaya ko jami'in tsaro ya taɓa kama mutum, ko tsare shi, ko rubuta masa takardar laifi, kuma tikitin hanya yana cikin na ukun. Ƙaramar tara da ba ta kai dala 500 ba, wadda babu maye ko kamu ko rauni a cikinta, ba a ma neman takardunta, amma amsar tambayar "e" ce, kuma jami'in da ke tantancewa yana iya cewa a nuna masa yadda aka ƙare.